Madubin saitin bindiga mai ƙaramin ƙarfi

Madubin saitin bindiga mai ƙaramin ƙarfi wani ɗan madubin hangen nesa ne da ake ɗaurawa a saman bindigar farauta, wanda ba ya kusanto da abin da ake kallo fiye da ninki huɗu zuwa shida. Ƙarfinsa na ƙasa yakan fara daga ninki ɗaya ko ɗaya da rabi, wato kusan yadda ido ke gani ba tare da madubi ba. An fi amfani da shi a kan manyan bindigogi masu ƙarfin turin baya, irin waɗanda ake farautar ɓauna, giwa, dorina da zaki da su a gabashi da kudancin Afirka, da kuma manyan beyar a Alaska. Turin baya shi ne ƙarfin da bindiga ke komawa da shi kan kafaɗar mai harbi a lokacin da harsashi ya fita. A irin waɗannan bindigogi, turin kan kai ya fasa madubi marar ƙwari, ko ya gusar da saitinsa ba tare da mai shi ya sani ba, shi ya sa zaɓen madubin ya fi dogara ga juriyarsa da rashin nauyinsa da yadda aka ɗaure shi, fiye da yawan kusantarwarsa.

Bindigogin da ake ɗaura shi a kai

Yawancin harsasan da ake farautar manyan dabbobi masu haɗari da su an ƙirƙiro su ne a farkon ƙarni na 20, lokacin mulkin mallaka. Otto Bock, wani maƙerin bindiga a Berlin, ya fitar da 9.3×62 a shekarar 1905 domin Jamusawan da ke zaune a Afirka. Kamfanin John Rigby na Landan ya fitar da .416 Rigby a 1911, sai Holland & Holland ya biyo baya da .375 H&H Magnum a 1912, wanda har yau shi ne aka fi gani a hannun maharba baƙi a Afirka. Amurkawa sun shigo daga baya: Winchester ya fitar da .458 Winchester Magnum a 1956. Wani maharbi Ba'amurke mai suna Jack Lott, wanda ɓauna ta ji wa rauni a Mozambik a 1959, ya tsara wanda ya fi shi ƙarfi, aka sa masa sunansa, .458 Lott. Lambar da ke gaban kowane suna tana nuna faɗin harsashin, ko dai da inci ko da milimita.

Ba son rai ne kaɗai ke sa a ɗauki irin waɗannan bindigogi ba. Ƙasashen da suka halatta farautar manyan dabbobi da lasisi suna kafa mafi ƙanƙantar harsashin da za a yi amfani da shi. Tanzaniya, misali, ba ta yarda da abin da bai kai .375 ba wajen dabbobi masu haɗari. Kenya kuwa ta haramta wannan farauta baki ɗaya tun 1977.

Bambancin turi tsakanin waɗannan da bindigar farauta ta yau da kullum babba ne. Bindigar .30-06, wadda ake harbin barewa da ita a Amurka, tana mayar da ƙarfin da bai wuce jul 27 zuwa 30 ba ga kafaɗa. Ta .375 H&H, mai harba harsashi mai giram 19 da gudun kusan mita 770 a daƙiƙa, tana mayar da kimanin jul 50. Ta .416 Rigby da ta .458 sukan kai jul 80 ko su wuce, gwargwadon nauyin bindigar. Duk abin da aka ɗaura a kan bindigar sai ya sha wannan bugu.

Yadda ake karanta lambobinsa

A jikin kowane madubi akwai rubutu irin 1.5-5×20 ko 2.5×20. Lambobin da ke gaban alamar × suna nuna ninkin kusantarwa, wadda ke bayanta kuma faɗin gilashin gaba ne da milimita. Saboda haka 1.5-5×20 madubi ne da ake iya murɗa shi daga ninki ɗaya da rabi zuwa biyar, gilashin gabansa kuma milimita 20 ne. 2.5×20 kuwa ƙarfi ɗaya gare shi, ba a sauya shi. Waɗanda aka fi gani a wannan rukuni su ne 1-4×24, 1-6×24, 1.5-5×20, 1.5-6×42, da masu ƙarfi ɗaya na 2.5 ko 3.

Dalilin da ya sa ake son ƙaramin ƙarfi

Wanda bai san farauta ba zai ɗauka cewa madubin da ya fi kusantarwa shi ya fi. A wannan fage ba haka ba ne. Ɓauna da giwa manyan dabbobi ne, kuma galibi ana harbinsu ne a tazarar da ba ta kai mita 100 ba, sau da yawa ma a cikin sarƙaƙiya, inda mita 20 ko 30 ne kawai tsakani. Ba a buƙatar ninki tara domin ganin kafaɗar dabbar da ta kai kilo 700.

Abin da ake buƙata shi ne faɗin gani. Duk lokacin da aka ƙara kusantarwa, filin da ido ke gani ta cikin madubin yana raguwa. Madubi a ninki ɗaya da rabi yana nuna fili mai faɗin mita 20 zuwa 22 a nisan mita 100. A ninki tara, filin bai wuce mita huɗu da rabi ba. Idan aka dawo da lissafin zuwa nisan mita 10, na farko zai nuna mita biyu, wato kan ɓauna da ƙahoninta da ƙirjinta, na biyu kuma zai nuna abin da bai kai rabin mita ba: baƙin gashi kawai ya cika gilashi, maharbi bai san ko wuya yake kallo ko kafaɗa ba. Ɓauna na iya gudun kusan kilomita 50 a awa, wato kimanin mita 14 a daƙiƙa. Idan ta taso daga mita 20, ba a samun daƙiƙa biyu cikakku, balle lokacin laluben ta a cikin madubi.

Ƙaramin ƙarfi yana kuma ba mutum damar harbi da idanu biyu a buɗe. A ninki ɗaya, abin da idon dama ke gani ta madubi da abin da na hagu ke gani a waje girmansu ɗaya ne, ƙwaƙwalwa na haɗa su ba wahala. Wannan yana da amfani domin dabbar da ake kallo ba lallai ita kaɗai ce a wurin ba, kuma akwai masu bin sawu da ke gaba waɗanda dole a san inda suke. Wannan dalili ne ya sa maharban aladen daji a Jamus da Faransa da Poland, inda ake koro aladu da karnuka a harbe su suna gudu, su ma suka rungumi 1-4×24 da 1-6×24.

Batun haske ma bai hana ba, ko da yake gilashin gaba ƙarami ne. Faɗin hasken da ke fitowa zuwa ido ana samunsa ne ta raba faɗin gilashin gaba da ninkin kusantarwa. Gilashi mai milimita 24 a ninki huɗu yana ba da haske mai faɗin milimita shida. Ƙofar ƙwayar idon matashi takan buɗe zuwa kusan milimita bakwai a cikin duhu, ta mai shekaru kuma takan tsaya wajen biyar. Ke nan ƙaramin madubin yana ba ido kusan duk abin da zai iya karɓa. Inda ake ganin gazawarsa shi ne farautar damisa, wadda ake jira a maɓoya da almuru, inda da yawa suka fi son gilashin gaba mai milimita 42 ko fiye. Amma damisa ba a harbinta da mafi girman bindigogi.

Abin da turin baya ke yi wa madubi

A nan ne ainihin matsalar take. Idan albarushi ya kama, bindiga tana tafiya baya cikin ƙasa da kashi biyu cikin dubu na daƙiƙa. Madubin da ke samanta abu ne mai nauyin kansa, kuma kamar kowane abu da ke tsaye, ba ya son a motsa shi. Bindiga ce ke fizgarsa ta hanyar zobban da suka riƙe shi. Shi ya sa madubin da bai ɗauru sosai ba yake zamewa gaba, ba baya ba, abin da ke ba masu koyo mamaki. A gaskiya ba shi ne ya tafi gaba ba, bindigar ce ta zame daga ƙarƙashinsa.

Ana iya ƙiyasta ƙarfin fizgar. Matsin iskar albarushi mafi girma da aka yarda da shi ga .375 H&H shi ne megafaskal 430. Faɗin ramin bututun bindigar kusan murabba'in milimita 71 ne. Idan aka ninka su, ana samun ƙarfin da ya kai niwton dubu 30. A kan bindiga mai kilo huɗu da rabi, wannan yana nufin fizgar da ta kai kusan sau 700 na jan da ƙasa ke yi wa abubuwa. A wannan ɗan lokaci, madubi mai giram 300 yana jan zobbansa kamar an rataya musu kilo 200, mai giram 700 kuma kamar an rataya musu kusan rabin tan. Lissafin bai haɗa da nauyin kafaɗar mai harbi da lanƙwasar katako ba, amma ya isa ya nuna abin da maƙeran bindiga suka daɗe da sani: a kan babbar bindiga, kowane giram da aka ƙara wa madubi nauyi ne da zobba da sukurori za su ɗauka sau ɗaruruwa.

Haka abin yake a cikin madubin. Kowane gilashi yana son tsayawa a inda yake alhali bututun da ya riƙe shi yana tafiya. Babban gilashin gaba mai milimita 50 ko 56 ya fi ƙarami nauyi ninki-ba-ninki, don haka ya fi wahalar da mazauninsa. A tsakiyar madubi kuma akwai wani ƙaramin bututu mai ɗauke da gilasan da ke miƙar da hoton, domin in ba su ba komai a kife zai bayyana. Wannan ƙaramin bututu ba a kafe yake ba. Maɓallan saiti biyu, na sama da na gefe, suna tura shi, sifirin kuma yana danna shi daga ɗaya ɓangaren don ya zauna a jikinsu. Duk harbi, bututun yakan ɗan yi tsalle ya bar maɓallan, sannan sifirin ya mayar da shi. Idan sifirin ya gaji, ko mahaɗar da bututun ke juyawa a kai ta saki, ba zai koma daidai inda yake ba. Daga waje ba a ganin komai, hoto tangaram, amma harsashi ya fara sauka wani wuri dabam. Wannan ita ce lalacewa mafi haɗari, domin madubin da gilashinsa ya fashe kowa ya san ya mutu, wanda saitinsa ke yawo kuwa sai an raunata dabba ake ganewa. Dabbar da aka raunata ita ce ke shan wahala, kuma ita ce ke kashe mutane.

Abin lura shi ne ba girman turi kaɗai ke kashe madubi ba, har da inda ya dosa. Ƙananan bindigogin iska masu sifirin, waɗanda yara ke harbin gwangwani da su, sun shahara wajen lalata madubai masu tsada, saboda suna fizga baya sannan su fizga gaba, alhali yawancin madubai an ƙarfafa su ne ta fuska ɗaya. Na'urar rage turi da ake ɗaurawa a bakin babbar bindiga ita ma tana haifar da irin wannan fizga ta biyu. Haka nan kafa gindin bindiga a jikin abu mai nauyi wanda ba ya motsi lokacin gwaji, don a huta da ciwon kafaɗa, yana iya tsaga katakon bindigar ya kuma wahalar da madubi.

Tazarar ido

Tazarar ido ita ce nisan da ke tsakanin ido da gilashin baya wanda a nan ne ake ganin cikakken hoto. A kan bindiga mai ƙarfin turi, ana son kada ta gaza santimita tara zuwa goma. Idan ta gaza, bakin madubin yakan daki gira ya tsaga ta, rauni mai siffar jinjirin wata wanda ke zubar da jini sosai. Maharban Amurka har suna yi masa laƙabi da girar Weatherby, don tsokanar kamfanin da ya shahara da harsasai masu ƙarfi. Ciwon ba shi ne babbar asara ba. Wanda madubi ya taɓa tsaga wa gira yakan fara runtse ido ko janye kai kafin ya danna kunama, kuma wannan ɗabi'a tana da wuyar bari.

A madubai masu sauya ƙarfi, tazarar takan ragu idan aka ƙara ninki, don haka lambar da ya kamata a duba ita ce ta ƙarfin sama. Harbi zuwa sama, ko a kwance, ko a gaggauce, duk suna matso da goshi kusa da madubi fiye da yadda yake a tsaye a filin gwaji. Zoben roba a bakin gilashin baya yana rage raunin amma ba ya maye gurbin tazara. Akwai ciniki a nan: ƙara tazarar ido yakan rage faɗin gani, shi ya sa wasu madubai na Turai masu faɗin gani ƙwarai suke da gajeriyar tazara, har wasu kamfanoni suka riƙa fitar da samfuri na musamman mai doguwar tazara domin manyan bindigogi.

Mai ƙarfi ɗaya ko mai sauyawa

Wannan tsohuwar muhawara ce. Madubi mai ƙarfi ɗaya ba shi da sassa masu motsi sai na saiti. Mai sauyawa yana da ƙarin bututu mai tsagogi wanda ke tura rukunin gilasai biyu gaba da baya idan an murɗa zoben ƙarfi, kuma kowane sashe mai motsi wuri ne da lalacewa ke iya farawa. A tsakiyar ƙarni na 20 masu sauyawa sun yi ƙaurin suna wajen shan ruwa da gusar da saiti, shi ya sa maharban wancan zamani suka fi amincewa da irin su Lyman Alaskan mai ninki biyu da rabi da jerin K na kamfanin Weaver da ke El Paso a jihar Texas.

Yanzu tazarar ta ragu ƙwarai. Madubin 1.5-5×20 na kamfanin Leupold, wanda ke jihar Oregon, ya shafe gomman shekaru a kan bindigogin .375 da .416, kuma nauyinsa bai kai giram 300 ba. Kamfanonin Zeiss da Schmidt & Bender na Jamus, da Swarovski da Kahles na Ostiriya, suna yin masu bututun milimita 30 waɗanda gilashinsu ya fi kyau amma sun fi nauyi, galibi wajen rabin kilo. Ga bindigar .375, wadda ake kuma harbin dabbobin fili da ita a nisan mita 200, mai sauyawa ya fi amfani. Ga .458 da abin da ya fi ta, waɗanda ba a harbin nesa da su, hujjar mai ƙarfi ɗaya na 2.5 har yanzu tana nan da ƙarfinta, tun da wasu daga cikinsu ba su kai giram 200 ba.

Mai sauyawa yana da wata matsala da ba ta ƙira ba ce, ta mutum ce: a murɗa shi zuwa ninki biyar ko shida don duba wata dabba daga nesa, a manta. Ƙa'idar da jagororin farauta ke nanatawa ita ce a riƙa yawo da shi a ƙarfin ƙasa kullum. Idan dabba na nesa akwai lokacin ƙarawa, idan tana kusa babu lokacin ragewa.

Alamar saiti

Alamar saiti ita ce layukan da ake gani a cikin madubi. Siraran layuka suna da kyau a kan farar takarda, amma suna ɓacewa a jikin baƙar ɓauna a inuwa. Shi ya sa ake son masu kauri. Samfurin Duplex, wanda Leupold ya fitar a 1962, yana da layuka huɗu masu kauri da ke sirancewa a tsakiya. Samfurin Jamus mai lamba 4 yana da ginshiƙai uku masu kauri, hagu da dama da ƙasa, ya bar sama a buɗe, kuma da yawa na ganin babu wanda ya fi shi saurin jan ido zuwa tsakiya. Alamomi masu ɗigo-ɗigo da lambobi don lissafin harbin nesa ba su da gurbi a nan, cika ido kawai suke yi.

Ana yin alamar ta hanya biyu: da siririyar waya ko fallen ƙarfe, ko a zana ta a jikin gilashi. Ta waya tana iya tsinkewa, ta gilashi ba ta tsinkewa amma ta ƙara gilashi guda da nauyinsa. Yawancin madubai na zamani suna da jan ɗigo mai haske a tsakiya, wanda ke aiki da ƙaramin batir irin CR2032. Yana taimakawa ƙwarai a kan baƙar fata, da sharaɗin alamar tana ganuwa ko batir ya mutu. Kamfanin Trijicon ya bi wata hanya a jerin AccuPoint: zaren gilashi ne ke tattaro hasken rana, da dare kuma sinadarin tiritiyom ke haskawa, ba batir. Hasken tiritiyom yana raguwa da rabi duk bayan kimanin shekara 12.

Ruwa da ƙura

Madubai na farko sukan yi gumi daga ciki idan aka fito da su daga ɗumi zuwa sanyi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka fara zuƙe iskar ciki a cika su da busasshiyar iskar naitirojin a toshe da zobban roba, yau wasu na amfani da argon. A gaɓar tekun Alaska, inda ruwan sama kan yi kwanaki bai ɗauke ba, wannan shi ne gwaji na farko. A Afirka kuwa ƙura ce da girgizar mota a kan hanyoyin burji, wadda kan kwance sukurori a hankali. Bututun da aka sassaƙa daga dunƙulen alminiyam guda ya fi wanda aka harhaɗa da murɗi ƙwari, domin ba shi da mahaɗar da za ta saki. Maɓallan saiti gajeru masu murfi sun fi dogaye buɗaɗɗu, waɗanda reshe ko jakar bindiga ke iya murɗawa.

Zobba da mazauni

Da yawa daga cikin laifin da ake ɗora wa madubi na abin da ya riƙe shi ne. Sassa biyu ne: mazaunin da ake ɗaurewa a jikin bindiga, da zobba biyu da ke kama bututun madubi. A bindigogin Amurka da yawa, ƙananan sukurori huɗu masu lamba 6-48 ne ke riƙe mazaunin, kuma maƙera sukan faɗaɗa ramukan su sa masu kauri, 8-40, idan bindigar babba ce. Wasu kamfanoni sun kauce wa matsalar ta hanyar sassaƙa mazaunin a jikin ƙarfen bindigar kanta, kamar Ruger da Sako da CZ, don babu sukurun da zai karye.

Zobban baƙin ƙarfe masu faɗi sun fi riƙo. Dole su kasance a layi ɗaya, in ba haka ba suna lanƙwasa bututun su takura sassan ciki. Ɗaurewa fiye da kima ma kuskure ne da ake yawan yi: wanda ke tsoron zamewa sai ya matse har ya lotsa bututu, ƙaramin bututun ciki ya kasa motsi yadda ya kamata. Yawancin kamfanoni suna ba da adadin matsi da bai wuce niwton-mita biyu ba ga sukurorin zobe, kuma akwai sukundireba mai awo don wannan aiki. Tsohuwar dabara ita ce barbaɗa garin ƙaro a cikin zoben don ya ƙara kamu. A Turai akwai madubai masu dogon ƙarfe a ƙarƙashinsu wanda ake kamawa kai tsaye ba tare da zobe ba. Na Swarovski yana da haƙora da ke hana zamewa.

Ana son madubi ya zauna ƙasa-ƙasa, domin kunci ya tsaya a jikin katako ido ya faɗa cikin madubi da zarar an ɗaga bindiga. Madubi marar faɗaɗɗen baki ya fi sauƙin saukarwa, kuma dogon miƙaƙƙen bututunsa ya fi dacewa da manyan bindigogi masu doguwar sakata, inda zobba ke nesa da juna. Sai dai akwai abubuwa uku da ake dubawa: hannun sakata kada ya gogi gilashin baya, kwanson da aka fitar kada ya daki maɓallin gefe ya faɗo cikin bindiga, kuma yatsu su sami wurin cusa sababbin harsasai da sauri. Na biyun ya fi muni, domin yana iya toshe bindiga a daidai lokacin da ake neman harbi na biyu.

Yawancin bindigogin dabbobi masu haɗari suna da saitin ƙarfe a kan bututunsu, kuma ana ɗaura madubin da zobba masu saurin cirewa. Tsohon salon Jamus na garin Suhl yana da ƙugiyoyi da ake saƙalawa, wanda sai gwanin maƙeri ya daidaita su da hannu, shi ya sa yake da tsada. Kamfanonin Talley da Warne na Amurka suna yin masu ɗan hannu da ake murɗawa. Amfaninsu biyu ne: in madubi ya lalace a daji a cire shi a koma ga saitin ƙarfe, ko a ɗaura madubi na biyu da aka riga aka saita a nasa zobban.

Gwaji kafin tafiya

Takardar garanti ba ta gyara madubi a tsakiyar daji, don haka gwajin da ya fi muhimmanci shi ne wanda mai bindiga ya yi da kansa. Madubin da ke da aibin ƙira yakan nuna shi da wuri, saboda haka sabon madubi da bai sha harsasai da dama ba a kan bindigar da zai zauna a kai, ba a tafiya da shi. Ana jan layi da fensir a jikin bututu daidai bakin zobe, bayan harbi a duba ko layin ya gusa. Ana murɗa saiti sama, dama, ƙasa da hagu da adadi ɗaya, ana harbi a kowane mataki, a ga ko harsashin ƙarshe ya dawo inda na farko ya sauka. Mai sauya ƙarfi ana harba shi a ƙarfin ƙasa da na sama a kwatanta. Mai saurin cirewa kuma a cire a mayar sau da yawa. Bayan doguwar tafiya a jirgi da mota, jagororin farauta sukan sa baƙo ya yi harbin gwaji a sansani kafin a shiga daji.

Masu ganin ba a buƙatarsa

Maharban Turawa na farkon ƙarni na 20 da saitin ƙarfe mai faɗin baki suka yi aiki, kuma har yau jagorori da yawa, waɗanda aikinsu shi ne tsayar da dabbar da ta taso a tazarar 'yan taku, ba sa ɗaura madubi a kan bindigoginsu masu baki biyu. Hujjarsu ita ce saitin ƙarfe ba ya gumi, ba ya fashewa, ba ya ƙara nauyi. Masu madubi kuma suna cewa da saitin ƙarfe ido na ƙoƙarin ganin abubuwa uku a nisa daban-daban, saitin baya da na gaba da dabba, abin da ke gagarar idon da ya haura shekara arba'in, alhali madubi yana ɗora alama da dabba a wuri guda, yana kuma nuna reshen da zai iya karkatar da harsashi.

Tsakanin su biyun akwai na'urar jan ɗigo wadda ba ta kusantarwa ko kaɗan, irin wadda kamfanin Aimpoint na Sweden ya fara sayarwa a 1975. Ƙananan samfuranta ba su kai giram 100 ba, ba su da iyakar tazarar ido, don haka ba sa kusantar gira. A cikin 'yan shekarun nan ana ƙara ganinsu a kan bindigogi masu baki biyu, har da na maharban kurmin kudu maso gabashin Kamaru, inda ganye kan hana ganin abin da ya wuce mita goma sha biyar.